Sabobi biyu, littafi ɗaya: yadda kan wani gungu ya rabu a ofishin sufuri a Agege

Kamfanin na jigilar kayan gwari ne da hatsi daga Arewa zuwa Legas. Babban ofishinsa yana Agege, a wani bene mai hawa biyu, sannan akwai ƙaramin ofishi kusa da kasuwar Mile 12 inda ake sauke albasa da tumatir da tattasai. Duk motar da ta taso daga Kano ko Sakkwato ko Funtuwa ana buɗe mata takardar kaya mai lamba: sunan mai kaya, adadin buhu ko kwando, kuɗin mota, abin da aka ba direba na mai da na hanya, da ragowar da za a cika idan an sauke. Wannan lissafi gaba ɗaya yana cikin manhaja guda da ke zaune a kan rumbun bayanai na PostgreSQL. Akawu takwas ne ke aiki da ita a Agege, biyu kuma a Mile 12 ta hanyar VPN.

Saboda tsayawar manhajar na awa ɗaya yana nufin motoci su yi layi, direbobi su cika ofis, sai aka yi abin da ya dace a ka'ida: aka sayo sabobi biyu na hannu, wato manyan kwamfutocin da manhajar za ta zauna a kansu, daga Computer Village da ke Ikeja, aka haɗa su gungu domin idan ɗaya ta faɗi ɗaya ta ɗauka.

Yadda aka gina shi da farko

Kowace saba tana da ƙwaƙwalwa gigabayit 64 da faifan SSD biyu da ke kwafin juna. A kan Linux aka ɗora Corosync, wanda aikinsa shi ne sanin wa ke raye a gungun, da Pacemaker, wanda ke yanke shawarar inda kowane aiki zai gudana. Ba a sayi akwatin ajiya na daban ba. An yi amfani da DRBD, wanda ke kwafe duk abin da aka rubuta a faifan saba ta farko zuwa na ta biyu ta waya, a kan tsarin da ake kira yarjejeniyar C: ba a ce wa manhaja an rubuta sai rubutun ya sauka a faifan ɓangarorin biyu. Girman wurin gigabayit 200 ne, da tsarin fayil na XFS. A samansa akwai PostgreSQL da adireshin IP guda ɗaya mai yawo, wanda ke bin duk sabar da ke riƙe da aiki.

Wayoyi kuwa kashi biyu ne. Babban suwic mai baki 24 yana haɗa kwamfutocin ofis da sabobin. Sannan akwai wani ɗan suwic mai baki 8 a bayan kabad, wanda aka ware wa hirar Corosync da kwafin DRBD kaɗai. Sabobin da babban suwic suna kan UPS. Ɗan suwic ɗin, da yake bakin UPS ya ƙare, an soka adaftarsa a soket ɗin bango.

Saituka uku ne suka rage a ambata, kuma a nan cutar take. A fayil ɗin Corosync an sa two_node: 1. A Pacemaker an sa stonith-enabled=false. A DRBD kuma an bar batun killacewa (hana sabar da aka daina gani taɓa bayanai) yadda ya zo, wato babu ruwansa. Duk wanda ya taɓa bin tsofaffin bayanan haɗa gungu mai saba biyu ya ga waɗannan layuka, domin su ne ke sa abu ya tashi da wuri ba tare da gunaguni ba.

Ranar da abin ya faru

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe aka ɗauke wuta. Maigadi ya ta da janareta, ya juya layi, fitilu suka dawo. A wannan juyin ne adaftar ɗan suwic ta ƙone. Babu ƙara, babu hayaƙin da wani ya gani, kuma duk sauran kayan ofis suna aiki.

Daga nan abin da ya biyo baya bai kai minti ɗaya ba. Corosync yana zagaya wata alama tsakanin sabobi, kuma a sababbin fitowarsa yana jira sakan 3 kafin ya ce ta ɓata, sannan ya ƙara ɗan lokaci ya sake ƙirga mambobi. Kowace saba ta ƙirga ta ga ita kaɗai ce. A gungu na yau da kullum, ƙuri'a ɗaya cikin biyu ba rinjaye ba ce, don haka kowa zai tsaya. Amma ma'anar two_node: 1 ita ce a sauko da adadin da ake buƙata zuwa ƙuri'a ɗaya. An yi wannan saiti ne bisa sharaɗin cewa akwai hanyar da saba ɗaya za ta kashe ɗayar kafin ta taɓa faifai. Wannan sharaɗin ne aka cire da stonith-enabled=false.

Saba ta farko ta ci gaba da aikinta, tana ganin 'yar'uwarta ta mutu, DRBD yana ta yi wa wuraren da aka canza alama don ya tura su daga baya. Saba ta biyu ita ma ta ga ta farko ta mutu. Ta ɗaga DRBD ɗinta ya zama babba, ta ɗora XFS, ta ta da PostgreSQL ya farfaɗo daga kundin rubutunsa, ta ɗauki adireshi mai yawo, ta shelanta wa cibiyar ofis cewa adireshin yanzu nata ne. Ita kuwa cibiyar ofis lafiyarta lau, don haka sabobi biyu suka zauna a kan suwic ɗaya suna amsa adireshi ɗaya.

Kwamfuta ba ta riƙe amsar wa ke da wannan adireshi na dogon lokaci. Takan sake tambaya, kuma duk sabar da amsarta ta zauna, ita za ta bi. Abin da akawu suka gani shi ne manhaja tana korarsu waje jefi-jefi, su sake shiga su ci gaba. An ɗora laifin a kan intanet, kamar kullum.

Akwai wani ɗan abu na PostgreSQL da ya jinkirta tonuwar asiri. Ma'aunin da ke ba da lambobi a jere ba ya rubuta kowace lamba a kundi. Yakan yi gaba da lamba 32 a rubutu ɗaya. Idan rumbun ya farfaɗo bayan faɗuwa, sai ya tsallake zuwa ƙarshen waɗancan. Saboda haka saba ta biyu ta fara ba da lambobin takarda daga can gaba, ta farko kuma tana biye daga inda take. Sai da ta farko ta cinye tazarar sannan lambobi suka fara karo.

Bayan azahar wani direban albasa ya hau sama da rasit a hannu, an ce masa a allon manaja ba a ga biyansa ba. Aka kira kashiya. Ya ce, "Alhaji, wallahi da hannuna na shigar, ga shi ma a allona." Ya juyo da allon, ga biyan nan. Manaja ya juyo da nasa, lamba ɗaya ce, amma motar tumatir ce ta wani mutum daban. Alhaji ya dubi takardun biyu ya ce, "A kira min Injiniya, kuma kada wanda ya ƙara karɓar kuɗi."

Wannan umarni na biyu shi ne abu mafi amfani da aka yi a ranar.

Kuskure na biyu ya zo daga kyakkyawar niyya. Yaron da ke kula da kwamfutocin ofis ya leƙa bayan kabad, ya ga fitilun ɗan suwic a mace, ya samo wata adafta ya soka. Nan take sabobin suka ga juna. Pacemaker ya tarar da aiki ɗaya yana gudana a wuri biyu, ya bi ƙa'idarsa ta asali: ya tsayar da duka, ya ta da shi a wuri ɗaya, wato saba ta farko da aka fifita. DRBD kuwa ya gwada tarihin ɓangarorin, ya ga kowanne ya yi rubutun da ɗayan bai sani ba, ya rubuta a kundin tsarin cewa ya gano rabuwar kai, ya yanke haɗin ya koma StandAlone, wato kowane ɓangare shi kaɗai. Manhaja ta dawo tsaf, ba ta korar kowa, amma duk abin da aka shigar ta saba ta biyu cikin kusan awa uku ya ɓace daga allo. Takardu da rasit wajen sittin ke nan.

Ceto bayanan

Ba su ɓace ba, suna kwance a faifan saba ta biyu. Haɗarin da ke gaba shi ne wani ya yi gaggawar gyara DRBD, domin umarnin gyaran yana shafe ɓangare ɗaya ne ɗungurungum. Ga tsarin da aka bi, kuma jerin yana da muhimmanci.

Da farko aka ɗaure hannun Pacemaker da pcs property set maintenance-mode=true, aka rufe manhaja ga kowa, ofis ya koma takarda da biro. Da an samu dama tun kafin a soka adafta, da a kowace saba za a ba da wannan umarni daban, tunda a lokacin kowacce tana da nata kundin saiti, sannan a sauke adireshi mai yawo daga ɗaya.

Sai kwafi. An ɗauki cikakken kwafin rumbun saba ta farko da umarnin pg_dump. A ta biyu, da yake DRBD a yanke yake, an ɗaga shi da hannu, aka ɗora faifan, aka ta da PostgreSQL a wata tashar da manhaja ba ta sani ba, aka ɗauki nasa kwafin, aka sauke komai. An kai kwafin biyu wata kwamfuta ta uku aka buɗe su gefe da gefe. Kundin Corosync ya nuna daidai sakan ɗin da aka rabu, kuma an yi sa'a agogon sabobin a daidaite yake da manhajar chrony, don haka aka iya tace duk layin da aka ƙirƙira ko aka canza bayan wannan lokaci.

An zaɓi saba ta farko a matsayin wadda za ta tsira, saboda ita ta fi yawan rubutu kuma ofishin Mile 12 a kanta ya zauna tun daga farko har ƙarshe. Sababbin takardun da ke ɓangare na biyu ba su ba da wahala sosai ba: an sake shigar da su da sababbin lambobi, aka rubuta tsohuwar lamba a gefen bayani, aka buga wa direbobin da suka riga suka kama hanya waya. Inda aka sha wuya shi ne ragowar bashi. Dillali ɗaya ya biya kashi a ɓangare na farko, ya biya wani kashi a na biyu, kowane ɓangare ya rage daga tsohon jimla. Ba a yarda da jimlar kowane ɓangare ba. An sake lissafa ta daga tushe, layi bayan layi, ana gwadawa da rasit na takarda, da takardar injin POS, da saƙon banki. Kashiya biyu da akanta suka kai har bayan isha'i a kan wannan.

Sai da akanta ya sa hannu aka taɓa DRBD. A saba ta biyu: drbdadm disconnect, sannan drbdadm secondary, sannan drbdadm connect --discard-my-data. A ta farko: drbdadm connect kawai. Daidaitawar ba ta ɗauki lokaci ba, domin DRBD yana riƙe taswirar da kowace alama a cikinta ke wakiltar kilobayit 4, kuma wuraren da suka bambanta kaɗai yake kwafewa. Bayan haka aka gudanar da drbdadm verify cikin dare don a tabbatar faifan biyu sun zama ɗaya.

A nan ya kamata a lura da wani abu. Mutane da yawa da suka ji labarin sun ce da akwatin ajiya guda aka saya, sabobin biyu suna shiga ta waya da tsarin iSCSI, da ba a sami littafi biyu ba. Gaskiya ne, amma da abin ya fi haka muni. XFS da ext4 ba a yi su don sabobi biyu su ɗora su lokaci guda ba. Kowacce za ta riƙa rubutu bisa abin da ke ƙwaƙwalwarta, su tattake tsarin fayil ɗin. Rabuwar DRBD ta bar kwafi biyu masu lafiya da za a iya gwadawa. Faifai guda da aka ɗora sau biyu yakan bar kwafi ɗaya a ragargaje, sai dai a koma kwafin ajiyar daren jiya.

Gyaran gini

An yi maganar Ceph, tsarin ajiya da ke rarraba bayanai a kan sabobi da yawa, aka ajiye ta da wuri. Yana son aƙalla sabobi uku, kwafi uku, da waya mai gudun gigabit 10 idan ana son a ji daɗinsa. Saba ta uku mai jan wat 200 tana cin kusan kilowat-awa 144 a wata. A farashin naira 225 da aka sa wa rukunin Band A a watan Afrilun 2024, wannan ya haura naira 32,000, ban da man janareta da sanyaya ɗaki. Don rumbun da bai kai gigabayit 200 ba, nauyin ya fi kayan. Abin da gungun ya rasa ƙuri'a ta uku ce da hanyar killacewa, kuma ƙuri'a ba ta buƙatar babbar saba.

Matakin farko shi ne mafi arha. An cire ɗan suwic gaba ɗaya, aka ja waya kai tsaye daga saba zuwa saba, aka mai da ita hanyar farko ta Corosync da DRBD. Cibiyar ofis ta zama hanya ta biyu. Corosync na 3 yana ɗaukar hanyoyi har takwas, DRBD na 9 shi ma yana karɓar hanya fiye da ɗaya tsakanin sabobi. Da wannan kaɗai aka yi tun farko, ƙonewar adafta ba za ta raba kan kowa ba. An kuma kunna run_arping a kan adireshi mai yawo, domin saba ta fara tambaya ko wani na riƙe da shi kafin ta ɗauka.

Mataki na biyu shi ne na'urar raba gardama: ƙaramar kwamfuta marar fanka mai jan wat goma ko ƙasa, tana gudanar da corosync-qnetd, sabobin suna kiranta ta tashar TCP 5403. A kanta aka ba da pcs qdevice setup model net --enable --start, a gungun kuma pcs quorum device add model net tare da adireshinta da algorithm=ffsplit, tsarin da ke zaɓar ɓangaren da za a ba ƙuri'a. Saitin two_node ba ya zama tare da wannan, dole ya fita. Bayan haka corosync-quorumtool -s ya nuna ƙuri'u 3, rinjaye 2. Duk sabar da ta tsinci kanta ita kaɗai, ba ta ganin 'yar'uwarta kuma na'urar ba ta ba ta ƙuri'a ba, ta san ba ta da hurumin taɓa faifai.

Inda za a ajiye na'urar ya fi sayenta wuya. Ba za ta zama kwamfutar cikin gungun ba, don alƙali ba ya zama a gidan mai ƙara. Ba za ta hau UPS ɗin sabobin ba. An duba hayar saba a Turai, tunda wannan hira ta TCP tana jure jinkiri fiye da Corosync kansa. Amma duk mai aiki a Legas ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma. Rasa na'urar kaɗai ba ya tsayar da gungu, tunda saura ƙuri'u biyu cikin uku, amma duk tsawon wannan lokaci faɗuwar saba ɗaya za ta tsayar da komai. Cibiyar adana sabobi a cikin Legas, irin waɗanda ke Ikeja da Lekki, zaɓi ne mai kyau ga wanda layin intanet ɗinsa biyu ne. Wannan ofis layinsa ɗaya, don haka aka kai na'urar hawa na sama, ofishin akanta, a kan inbata da batirinta daban.

Ajiyewa a cikin gida ya ba da wata riba: na'urar ta shiga DRBD a matsayin mamba na uku marar faifai, aka kunna quorum majority, aka sa on-no-quorum ya mayar da kuskure ga duk mai son rubutu. Yanzu shi ma faifan yana da nasa ƙirgen, ko da wani ya sake lalata saitin Pacemaker wata rana.

Sai dai alƙalai biyu suna iya saɓawa, kuma wannan shi ne wurin da ya fi cin lokaci a gwaji. A ɗauka aiki yana kan saba ta biyu, sabobin suka daina ganin juna, amma kowacce tana ganin na'urar raba gardama. DRBD zai bar rinjaye a hannun wadda ke rubutu, wato ta biyu, ta farko kuma ba za ta iya ɗaguwa ba. Shi kuwa ffsplit, idan ɓangarori sun yi kunnen doki, yakan ba mai ƙaramar lamba ƙuri'a, wato ta farko. Sakamakon: ta farko ta kashe ta biyu, sannan ta tarar faifanta ba ya ɗaguwa. Babu ɓarnar bayanai, amma ofis ya tsaya a banza. Maganin yana cikin sashen heuristics na qdevice, manhajar da sabobin ke magana da na'urar da ita: an rubuta ɗan gajeren umarni da ke duba ko DRBD na wannan saba shi ne babba, ya amsa da nasara ko faɗuwa. Tsarin ffsplit yana ƙara wa ɓangaren da ya ci wannan gwaji maki, don haka ƙuri'a takan bi wadda ke riƙe da aiki. Alƙalan biyu suka koma magana da baki ɗaya.

Killacewa, da matsalar wutar Legas

Rinjaye yana gaya wa saba ta tsaya. Idan ta sandare fa, ba ta jin magana, amma faifanta yana rubutu? Shi ya sa ake kashe ta daga waje. Sabobin suna da katin kula daga nesa, wanda ake kira IPMI, don haka aka saita fence_ipmilan ga kowacce, ta tashar UDP 623, aka mayar da stonith-enabled=true, aka sa wa DRBD fencing resource-and-stonith tare da rubutun crm-fence-peer da ke zuwa da shi.

Raunin wannan hanya sananne ne, kuma a Legas shi ne abin da ya fi faruwa. Katin yana shan wuta daga sabar da yake ciki. Idan UPS ɗin saba ya mutu, katin ya mutu tare da ita. Mai rai za ta aika umarnin kashewa, ba amsa, kuma Pacemaker ba ya ɗaukar shiru a matsayin mutuwa. Zai yi ta jira, aiki ba zai koma ko'ina ba. Mutane da yawa a nan suke fusata su kashe killacewa gaba ɗaya, su koma gidan jiya.

Abin da ya toshe wannan rami shi ne SBD marar faifai, wanda ke dogara da agogon maigadi na cikin allon saba. Manhajar SBD tana taɓa agogon a kai a kai. Idan saba ta rasa rinjaye ko ta sandare, taɓawar ta tsaya, agogon ya cika ya sake ta da injin da ƙarfi. Mai rai kuma tana jiran wani adadin lokaci, bayansa ta tabbata ɗayar ko dai a mace take ko ta kashe kanta. Wannan tsari ba ya yiwuwa a gungu mai saba biyu sai da ƙuri'a ta uku, don haka na'urar sama ta biya kuɗinta sau biyu.

Lissafin lokacin yana da ƙa'ida. Tsarin qdevice yana iya ɗaukar har sakan 30 yana jiran hukunci yayin sake ƙirga mambobi, don haka agogon maigadi dole ya fi haka, in ba haka ba sabar da za ta ci ƙuri'a za ta kashe kanta kafin hukunci ya iso. An sa SBD_WATCHDOG_TIMEOUT a sakan 35, stonith-watchdog-timeout kuma ninki biyu, sakan 70. An tabbatar agogon na ƙarfe ne, na kan allo, domin softdog, wato agogon maigadi na manhaja, yana cikin zuciyar Linux ɗin da ake tsoron ta sandare. Ma'anar wannan ga ofis ita ce: idan saba ta faɗi katinta na raye, aiki yana komawa cikin ƙasa da minti ɗaya; idan wutarta ce ta yanke gaba ɗaya, a ba shi kamar minti biyu. Da aka yi wa Alhaji bayani ya ce, "Injiniya, minti biyu ai ko shayi ba a gama sha ba. Ni dai kada a sake ba motoci biyu lamba ɗaya."

An raba wutar ma. Kowace saba tana da bakin wuta biyu, sai aka soka ɗaya a UPS na farko, ɗaya a na biyu. Babban suwic ya ci gaba da zama a UPS, aka cire firinta da wani ya laƙa a can. An ɗora NUT, manhajar da ke sa ido a kan UPS, don idan batir ya kusa ƙarewa sabobin su sauka cikin tsari, mai jiran gado ta fara, mai aiki ta biyo. A BIOS an sa su tashi da kansu idan wuta ta dawo, tare da SBD_DELAY_START don kada wadda aka kashe ta dawo cikin gungu kafin ɗayar ta gama karɓar aiki.

Gwaji

An ware yammacin wata Lahadi, bayan an ɗauki kwafin ajiya an kuma gwada buɗe shi. Aka zare wayar kai tsaye: hira ta koma cibiyar ofis, babu abin da ya motsa. Aka toshe hirar sabobin ta hanyoyin biyu da bangon wuta, kowacce tana ganin na'urar sama: mai aiki ta ci ƙuri'a, ta kashe ɗayar. Aka maimaita bayan an mayar da aiki saba ta biyu, don a ga ko gwajin heuristics yana yin abin da aka sa shi. Aka zare wutar mai aiki baki biyu: IPMI ya gaza, aka jira agogo, aiki ya koma. Aka kashe na'urar sama ita kaɗai: gungu ya ci gaba da ƙuri'u biyu. Aka kashe ta tare da saba ɗaya: ragowar ta tsaya cak, kuma haka ake so. An rubuta a takarda, aka manna a ƙofar kabad, cewa a wannan hali babu mai tilasta rinjaye da hannu sai ya zare wutar ɗaya sabar da hannunsa.

Gwajin ya tono abu biyu da ba a zata ba. Kalmar sirrin katin saba ta biyu ba ita ce aka rubuta a saiti ba, wato da killacewa ta gaza ranar da ake buƙatarta. Sannan bayan an kashe komai an kunna, babban suwic yana ɗaukar lokaci kafin bakunansa su buɗe, sabobin kuma suna riga shi tashi su nemi na'urar sama su rasa. Aka sa wa bakunan sabobi saitin buɗewa nan take, aka ƙara ɗan jinkiri kafin Corosync ya tashi.

Na ƙarshe shi ne ido. Gungun ya yi awa uku kansa a rabe ba wanda ya sani, don babu mai kallonsa. Yanzu na'urar sama tana duba abu huɗu kowane minti: ko DRBD a haɗe yake kuma ɓangarorin biyu UpToDate, wato a daidaite, ko ƙuri'u uku ne, ko hanyoyin Corosync biyu suna raye, da ko katin IPMI na kowace saba yana amsawa. Idan ɗaya ya kauce, saƙo yana zuwa wayar mutum biyu.

Rauni ɗaya ya rage da aka sani aka kuma amince da shi: sabobin da na'urar raba gardama duk a gini ɗaya suke, kuma dukkansu ta babban suwic ɗaya suke ganin na'urar. Gobara ko ambaliyar damina ba ta san ƙuri'a ba. Abin da ke tsaye a wannan gurbi shi ne kundin rubutun PostgreSQL da ake turawa wata 'yar kwamfuta a ofishin Mile 12 a kai a kai, da cikakken kwafi kowane dare, wanda akanta ke buɗewa a farkon kowane wata ya gwada jimlar bashi da ta littafinsa. Suwic na biyu yana cikin kasafin baɗi.